Ɗan Kunnena da Jajayen Kajin Inna

Ko da komai na zaman aurena zai ɓace min, ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa aka yanka kajin surukata ba. Ba don wani baƙo ba, ba don mai jego ba. An yanka su ne kawai saboda na yi karatu, kuma ina so a sani.

Ni malamar bayoloji ce a wata makarantar 'yan mata a Rano. Maigidana ɗan wani ƙauye ne a bayan Kibiya, kuma lokacin da abin ya faru ban cika shekara a ɗakina ba. Danginsa ba su ƙi ni ba, amma sun rasa inda za su ajiye ni. In na shiga ɗaki sai hira ta ragu, a yi ta gyara zama. Kowa "Malama" yake ce min, har Inna, mahaifiyar maigidan. Abin yana ci min rai ƙwarai. Don haka da bikin ƙanwarsa ya taso, na ƙudura a zuciyata cewa a wannan bikin zan shige cikinsu, a daina yi min kallon baƙuwa.

Ranar yini na ci kwalliya, na sa ɗan kunnen zinaren da mahaifiyata ta bari, Allah ya jiƙanta. Ƙarami ne, bai fi ƙwayar masara ba, amma shi kaɗai ne abinta da ya rage a hannuna. Na nace sai an ba ni aiki, aka ba ni yankan albasa (aikin da ake ba wanda ba a so ya ɓata girki). Da aka kira azahar na ɗauki buta na tsuguna a bakin rariya, inda kaji ke ta tsattsagar shinkafar da aka zubar wajen rege. Ina shafar kunne sai na ji na hagu wayam. Na duba ƙasa, sai idona ya faɗa kan wata jar kaza ta cafke wani abu mai ƙyalli, ta ɗaga kai, ta haɗiye.

Ihun da na yi sai da ya tsayar da masu daka. Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifin maigidana, mace mai baki kamar reza, ita ta fara isowa.

"Ke 'yar nan, lafiya? Kunama ce?"

"Gwaggo, kaza ta haɗiye min ɗan kunne! Na mahaifiyata ne!"

Mata suka duƙa suna laluben ƙasa, aka tone rariya, aka kakkaɓe tabarmi, babu. Aka ce to wace kazar ce? A nan na fara shiga uku. Ihuna ya tarwatsa su, ta shige cikin 'yan uwanta, kuma kajin Inna duk jajaye ne, uwarsu ɗaya. Na nuna wata, na sake nuna wata.

"To ai da sauƙi," in ji Gwaggo Ladi. "A kife su a kwando. Gobe da safe a tona kashinsu, zai fito."

Da na yi shiru a nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma zuciyata tana tafasa, ga mata sun kewaye ni, ga tambaya ta faɗo daidai kan abin da nake koyarwa. Wallahi ban san lokacin da na tsinci kara na fara zane a ƙasa ba. Na ce musu kaza ba ta da haƙori, haɗiya kawai take yi. Abin da ta haɗiye yana fara sauka a wata 'yar jaka a ƙasan wuya ya jiƙa, ya wuce wani ɗan ƙaramin ciki da ke zuba masa ruwan narkarwa, sannan ya faɗa ƙundu. Ƙundu kuwa dutsen niƙa ne. Shi ya sa kaza da zabuwa da tantabara suke tsintar tsakuwa, da ita suke niƙa hatsi a ciki. Abu mai nauyi in ya shiga ƙundu ba ya saurin wucewa, zama yake yi ana gurza shi da tsakuwa, zinare kuma laushi gare shi.

Duk wannan gaskiya ne, ko yau a tashe ni daga barci zan maimaita. Inda na ƙara gishiri shi ne ƙarshe. Na ce, "Kafin gobe da safe ya zama gari." (Ba zai zama ba. Na faɗa ne don na ga sun buɗe baki suna saurarona, abin da ban taɓa samu ba a gidan.)

Inna tana tsaye a gefe da ludayi a hannu. Ina gamawa ta matso.

"Malama, na mahaifiyarki ne kika ce?"

"E, Inna."

"A kira min Sabitu ya zo da wuƙa."

Ya kamata in faɗa muku ko mene ne kajin nan a wurin Inna. Da ƙwansu take sayen sabulunta da goronta ba tare da ta buɗe baki ta roƙi 'ya'yanta ba. Shekarar da ciwon kaji ya share unguwar, a ɗakinta ta kwana da su har suka tsira. Ko bikin 'yarta bai sa ta taɓa su ba, akuya aka yanka. Na san duk wannan, kuma na tsaya ina kallo aka tafi kiran Sabitu.

Sabitu ƙanin maigidana ne, magidanci da iyalinsa, kuma abokin wasana. Ya shigo yana wasa wuƙa yana dariya. "Anti, ashe asibiti za a buɗe mana yau? Wacce za a fara yi wa aiki?" Na nuna wadda ta fi kama da mai laifi. Ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka. Ban ma jira an fige ta ba, na naɗe hannun leshina na tsuguna. Na tsaga jakar wuyan, dawa ce da shinkafa. Na ciro ƙundu na raba shi biyu a kan faranti, na baje abin ciki da yatsa: tsakuwa, ɓarɓashin tangaran, dusa. Sai ga wani abu yana ƙyalli. Dutsen leshi ne, irin wanda ke zubowa daga kayan 'yan biki, tsakar gidan ma cike take da irinsa.

Gwaggo Ladi ta leƙo ta kafaɗata.

"Anya ba wannan kika gani ba?"

A zuciyata na san mai yiwuwa shi ne. Amma ga kaza kwance an riga an yanka, ga zanena a ƙasa, ga Inna tana kallona. In ce kuskure na yi? Sai na ji bakina yana cewa, "A'a Gwaggo, na san abin da na gani. Ba wannan kazar ba ce."

Aka kamo ta biyu. Tsakuwa da ƙaramar ƙusa. Aka kamo ta uku. Zuwa lokacin ƙawayen amarya sun fito daga ɗaki, maza suna leƙe daga zaure, girki ya tsaya. Sabitu ya daina tsokanata, kuma wannan ya fi tsokanar ciwo. Ni kuwa zufa ta wanke min hoda, hannuna kaca-kaca har gwiwa, leshin da na ɗinka don a ce matar yaya ta iya ado yana warin kayan ciki. Addu'a nake yi a raina, irin wadda ban taɓa zaton zan yi ba: Allah ka sa kaza ta ci zinaren uwata.

Ta huɗu ita ce ta karya ni. Da na buɗe ta sai ga ƙwai jere a cikinta, manya da ƙanana, ɗaya har ya yi ɓawo yana shirin fitowa. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, mai ƙwan ce." Inna ta dubi ƙwan nan, ta kau da kai ta dubi katanga. Na tsaga ƙundun. Babu komai sai tsakuwa.

Kaza ɗaya ta rage. Sabitu ya riƙe ta ta fukafukai, bai yanka ba, ni yake kallo. Kowa ni yake kallo. Na rantse, da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba. Ɗankwalina ya zame ya rufe min ido ɗaya, ga hannu ba damar taɓawa, na yi ta ture shi da kafaɗa kamar akuya mai ƙaiƙayi.

Inna ta ajiye ludayi ta zo ta bayana don ta gyara min ɗauri. Ina jin yatsunta suna warware ɗankwalin, sai na ji sun tsaya cak a bayan kunnena na hagu. Na ji ɗan fizgar zare, kamar an cire ƙaya daga tufa. Ba sai an faɗa min ba. Tun wajen alwala, da na tura ɗankwalin baya zan shafi kunne, ɗan kunnen ya maƙale a cikinsa. Duk jinin nan da aka zubar, abin yana kaina.

Na runtse ido ina jiran ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Sai ta gama ɗaurin a hankali, ta zagayo ta tsuguna kusa da ni, hannunta a dunƙule.

"Malama, idonki ya gaji. Kawo in taya ki duba wannan."

Ta cusa yatsunta cikin ƙazantar ƙundun, ta jujjuya, ta jujjuya, sannan ta ɗago hannu.

"Alhamdu lillahi. Ga shi nan. Sabitu, saki wannan."

Guɗa ta tashi har sai da maza suka shigo tambaya. Mata suka yi ta tafawa. "Kai, boko ba ƙarya ba ne!" "Yadda ta zana a ƙasa, haka aka same shi!" Wata ta rungume ni da ƙazantata. Gwaggo Ladi ta karɓi ɗan kunnen ta ɗauraye, ta juya shi a rana ta daɗe tana dubawa.

"Ikon Allah," ta ce. "Dutsen niƙan nan naki ko ƙwarzane bai yi masa ba."

Ta miƙo min tana kallon cikin idona. Har yau ban san iyakar abin da ta gane ba, kuma ba ni da ƙarfin halin tambaya.

Aka fige kajin aka soya, 'yan biki suka samu abin da ba su zata ba. A gidan, ƙundu rabon maigida ne, mace ba ta taɓa shi. Amma ranar aka tara duka huɗun a kwano aka ajiye a gabana, wai yau na Malama ne, ita ta san sirrinsa. Na ci. Ana kallona ana murmushi na tauna su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa haɗiyar abin da ya ƙi wucewa kamar su ba. Inna tana can bakin murhu tana kwashe tuwo.

Kada ku zaci abin ya tsaya nan. Labari ya zaga ƙauyen, ya kai Kibiya, har wata malama a makarantarmu ta tare ni da shi. Ni da na je neman a daina ɗaukata daban, sai na dawo wadda ake nunawa da baki in na wuce. Mafi muni, bayan 'yan watanni wata maƙwabciyar Inna ta nemi zobenta ta rasa, ta yanka zabinta biyu, wai haka Malama ta koyar. Ba a samu komai ba. Da na ji, ɗaki na shiga na yi kuka, don waɗannan ma a wuyana suke.

Na kasa faɗa wa maigidana. Abin da na iya shi ne, wata ranar kasuwa na sayi 'yan kaji masu tasowa, jajaye, na ɗaure su a kwali na hau mota zuwa ƙauye. Na sami Inna ita kaɗai tana tsintar wake, kaza ɗayan nan tana kewaya ta. Na gaishe ta, na tura kwalin gabanta, na sunkuyar da kai.

"Inna, game da ranar nan, ni dai na san..."

"Kin san me?"

"Ɗan kunnen, Inna. Ba a cikin..."

"A ƙundu na same shi," ta katse ni, ba ta ko ɗago ba. "Haka na faɗa a gaban jama'a, haka kowa ya gani. Kada ki mai da ni maƙaryaciya da furfurata."

Ta karɓi kajin, ta ce Allah ya yi albarka, ta tura min tiren waken na taya ta tsinta. Ba mu sake tayar da maganar ba, kuma na gane ba za a taɓa ba ni damar tayar da ita ba. Haka zan ci gaba da amsa yabon da ban ci ba duk ranar da na taka ƙauyen.

Har yanzu ina koyar da cikin kaza duk shekara, ina zana jakar wuya da ƙundu a allo, yara suna kwafa. Sai dai akwai abu ɗaya da na koya wanda ba ya cikin manhaja, kuma kaji huɗu da zabi biyu ne suka biya min kuɗin karatunsa: in abinki ya ɓace, kafin ki sa a buɗe cikin kowa, ki fara kakkaɓe ɗankwalinki.