Gwaggo Ta Tafi da Kujerar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani guntun haushi da ya ƙi haɗiyuwa, iyalan gidan Baba suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar babbar motarsu mai aiki da lantarki, wadda yaran gidan suka raɗa wa suna Gwaggo saboda faɗin jikinta da tafiyarta ta ƙasaita. Ta rasu a garejin gida, wayar caji na soke a ƙugunta, bayan doguwar jinya. An ɗora wa Auta, ƙanwar mai motar, alhakin fitar da wannan sanarwa, domin a cewar Yaya ita ce ta fi kowa ɓata rai, sai ta je ta huce a kan takarda.

Marigayiya ta shigo gidan nan a shekarar da kasuwar Yaya ta buɗe. Ranar da aka kawo ta, ƙofar gida ta ƙi karɓar ta. Yaya bai ce motar ta yi girma ba, cewa ya yi ƙofar ta yi ƙanƙanta. Aka kira magina suka fasa katanga, aka sare bishiyar da ke tsakar gida, aka cinye rabin wurin shanya, duk don Gwaggo ta sami wurin kwana. Ba wanda ya yi ƙorafi. Auta ta so ta yi, tunda ita ke shanyar, amma maganar ta zo maƙogwaronta ta koma, kamar yadda maganganunta suka saba.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da kawaici. Ba ta tari da safe, ba ta busa wa kowa hayaƙi, ba ta taɓa ɗiga wa maƙwabci mai a ƙofar gida ba. Idan ta tashi, ɗan amo kawai take yi, uuum, kamar mai amsa gaisuwa baki a rufe. Idan za ta ja da baya sai ta ce fii, fii, fii, cikin ladabi. In wani ya ƙi ɗaura bel ta shiga ɗin, ɗin, ɗin, ba ta zagi kuma ba ta fasawa, har sai Anti, matar Yaya, ta ja tsaki ta ɗaura. Aibinta ɗaya da aka sani shi ne sanɗa. Ta sha zuwa ta tsaya a bayan mai shagon bakin layi bai sani ba, sai ya waiwayo ya gan ta a kansa, ya watsar da abin da ke hannunsa. Iyalai suna roƙonsa ya yafe mata.

Amma babban alherinta ba kowa ya san shi ba. Tun da ciwo ya kama Baba ya riƙe masa ɓarin jikinsa na hagu, maganarsa ta yi nauyi. Harshen yana ja, kalmomin suna fitowa a manne da juna. Auta ce ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci, ita ke juya shi a gado, saboda haka ita kaɗai kunnenta ya saba. Duk mako ana kai shi asibiti gashin jiki. Gwaggo takan haɗiye kekensa a but ba tare da an naɗe shi ba, ta ɗauki Yaya a sitiyari, Anti a gefensa don a sauke ta a wurin aikinta, sannan Baba da Auta a kujerun tsakiya, kafaɗa da kafaɗa.

A gida akwai talabijin, akwai yara, akwai wayar Yaya da ba ta yin shiru. Muryar Auta kuwa, in ba a kashe fanka ba, ba a jin ta. Cikin Gwaggo ne kaɗai aka sami shirun da zai ishi mai nauyin baki da mai ƙaramar murya su yi hira. A nan Baba ke ba ta labarin shagunan da suke wucewa, wanne ne na maƙaryaci, wanne ne na mutumin kirki. A nan ya fara motsa babban yatsansa na hagu a kan gwiwarta, ya ce kada ta gaya wa kowa tukuna, sai ya tabbata. A asibiti kuma ita ke tsayawa tsakaninsa da mai gashi, wato ma'aikaciyar da ke gasa masa jikin. Baba ya faɗa, ita ta maimaita, idonta a ƙasa.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne a hankali. Cajin da ke kai ta mako ya koma na 'yan kwanaki, daga baya ya koma na zuwa da dawowa, shi ma sai an kashe na'urar sanyi ana zufa. Tayoyinta suka cinye saboda nauyin jiki, kuma ba ta sa taya sai ta manya. Rannan ta sume a tsakiyar titi, ana ta yi mata hon, ita da ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Maza shida suka tura ta, suka ce a gaya wa mai ita ya ji tsoron Allah.

Bakanike ya zo, ya jona mata na'urarsa, ya daɗe yana kallo yana girgiza kai.

"Maigida, batirin nan ya gama aikinsa," in ji shi. "Sabo kuwa, in na gaya maka kuɗinsa, kai ma sai an jona ka a caji."

Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Kasuwa ba kamar da ba, kowa a gidan ya sani, ba wanda ya ga laifinsa. Cikin makon ya shigo da magajiyarta, wata 'yar mota mai caji ita ma, mai sauƙin kuɗi, mai kujera huɗu. Ta shige ta ƙatuwar ƙofar nan da aka fasa wa katanga, ta tsaya kusa da marigayiya kamar an ajiye kofi a gefen randa. Anti ta sa mata suna 'Yar Tsana. Iyalai ba su da abin cewa a kan halinta, yarinya ce, ba ta yi wa kowa komai ba. Sai dai but ɗinta, in an sa jakar Anti da tayar ko-ta-kwana, ya cika.

Ranar asibiti ta zo. Aka sa Baba a gaba saboda ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa. Aka naɗe keke, aka gwada shi a but ta kai, aka gwada ta gindi, aka gwada a karkace, Yaya yana zufa yana yi wa keken faɗa. Ƙarshe aka cusa shi a kujerar baya. Anti ta shige ragowar wurin, jakarta a ƙirji. Auta na tsaye da ledar tawul da gorar ruwan Baba, tana neman inda za ta sa ƙafa.

"Kawo ledar," in ji Yaya. "Ke yau ki zauna a gida."

"Yaya, ai Baba..."

"Baba me? Likita ce ke? Ni ne ɗansa na fari, tun ba a haife ki ba nake jin maganarsa."

Anti ta leƙo ta taga, ƙafar keke na tokare da kunnenta. "Ƙanwata, ki huta mana. Yau ɗaya ki miƙe ƙafa ki yi kallo. Ko so kike a ɗaure ki a saman mota kamar katifa?"

Auta ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi ciwon batirin ci mata rai.

Da suka dawo, Yaya ya shigo yana sababi. Wai Baba ya ƙi kama ƙarfen da ake tsayar da shi, ya ƙi ɗaga ƙafa, sai surutu yake ta yi tun daga hanya. Wai mai gashi ta tambaya ina yarinyar nan mai kunya, shi kuma ya ce ai ga shi. Duk abin da Baba ya faɗa, Yaya ya amsa masa da "Haka ne, Baba, sannu." Auta ta tura keken zuwa ɗaki, ta rufe ƙofa, ta durƙusa ta kai kunnenta. Kalma uku Baba ya faɗa. Ta kwance takalmin ƙafar hagu. An ɗaure igiyar tamau kamar ana ɗaure buhu, safar ta naɗe a ciki, ƙafar ta kumbura, shatin igiya ya kwanta a kanta. Tun daga ƙofar gida yake faɗa. Dattijo ya yi ta roƙo a sassauta masa takalmi, ana ce masa haka ne.

Sannan ya juya fuskarsa bango, ya ce shi ya gama zuwa asibiti. Auta ta san in Baba ya ce ya gama, ya gama. Ta kuma san abin da mai gashi ta sha faɗa, cewa in aka tsaya, ɗan motsin da aka samu zai koma inda ya fito.

Ta je ta gaya wa Yaya. Wato ta je. Ta tsaya a bakin falo tana murza gefen mayafinta, shi yana danna waya, har ya ɗago.

"Mene ne kuma, Auta?"

"A kawo shayi?"

"Kawo."

Ta kawo. Ta koma gareji ta zauna cikin gawar Gwaggo, a kujerarta ta tsakiya, ta ciji leɓe don haushin kanta. Marigayiya ba ta ce uuum ba, ba ta ce ɗin ba. Ko a raye ba mai tsoma baki a maganar gida ba ce.

Marigayiya ta rasu ta bar wayar caji mai kaurin hannun yaro, wadda bakinta bai dace da 'Yar Tsana ba. Ta bar makulli biyu, ɗaya ba a san inda yake ba tun bara. Ta bar takalmin yaro ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujerar ƙarshe, da ƙofar gida mai faɗin da yanzu ba a san amfaninsa ba, da kututturen bishiya, da rabin igiyar shanya. Ta bar Yaya da ke cewa ai ƙaramar ta fi daɗin fakin, da Anti da wuyanta ya sage. Ta kuma bar wani dattijo da 'yarsa ba wurin hira.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi. Mai sayen kayan tsofaffin motoci zai zo da motar ja, kuma an roƙi maƙwabta su janye ababen hawansu daga layi, domin marigayiya ko a mace ba ta san matsi ba. Ba a buƙatar masu turawa. Za a karɓi gaisuwa a gareji, wuri ya wadata.

Daga ƙarshe, akwai sanarwa ta musamman zuwa ga Yaya, tunda ba ta faɗuwa a bakin falo. Auta ta shiga 'Yar Tsana da rana tsaka, kowa na wurin aiki, an bar motar a caji. Ta zauna a kujerar baya, ta jawo keken Baba a naɗe ta ɗora a kan cinyarta. Ƙofa ta rufu. Ba ta ganin hanya, hannun keken yana tokare mata haɓa, ƙafafunta sun sage kafin ta fito, amma wurin Anti yana nan ba a taɓa ba. Ta gaya wa Baba, ya ce in haka ne a goge masa takalminsa. Saboda haka ranar asibiti mai zuwa, duk wanda ya fito zai tarar da ita a ciki, keke a cinya, bel a ɗaure. Wanda yake da ja a kan wannan tsari, ɗakin Baba a buɗe yake. Ya shiga ya faɗa masa da bakinsa, ya tsaya ya saurari amsa. Auta ba za ta fassara ba.