Yaƙin Gishiri a Dutsen Beyar

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe wannan babi, domin bayyana jarumtar sadauki ɗan sadauki, Alhaji Mamuda ɗan Tanimu ɗan Barau, jikan Sarkin Fawan Rimin Kwari, wanda kakanninsa suka shekara ɗari suna kayar da bijimai tun kafin rana ta fito, gwarzon da bai taɓa juya wa tsire baya ba, mai fatattakar ƙashin miya, mai tumbin da ke riga shi shiga masallaci.

A shekarar da hawan jini ya yi masa ƙawanya, sai 'yarsa Dakta Hansatu, wadda ke aikin asibiti a wani gari na gindin duwatsu a ƙasar Romaniya, ta aika aka kawo mata shi. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Inna yake ce mata, ita kuwa ta riƙe sunan da gaske. Ta kafa masa dokar ta-ɓaci: ba nama, ba gishiri. Mako uku cur jikan Sarkin Fawa yana cin dafaffen kabeji lami, yana haɗiyewa da baƙin ciki. Daga bisani aka ƙulla sulhu: in ya tuƙa keke har rijiyar da ke ƙololuwar dutsen bayan gida, ya ɗauko hoto don shaida, za a dawo masa da gishiri a miya.

Ranar Talata bayan azahar ya yi ɗamara. Ya naɗe ƙafar wando ya cusa a safa, ya kifa hular kwano a kan hularsa ta zanna, domin ya rantse ba zai fita bainar jama'a kai ba hula ba. Hansatu na sauri za ta koma aiki, ta waiwayo daga bakin mota.

“Baba, don Allah ka yi hattara da beyar!”

“Haba Inna, kafin huɗu ma na dawo!”

Motar ta riga ta tashi, ba ta ji shi ba. A nan ne tarihi ya yi tuntuɓe. Ita beyar take nufi, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata da ke yawo a duwatsun ƙasar. Shi kuwa ƙarfe biyar ya ji.

Sai sadauki ya yi bismilla ya haye, sirdi ya yi ƙara ta neman agaji, tayar baya ta yi sujada, ya danna feda da azama irin ta mazan jiya, ya ci kwanar hanya ta farko da yaƙi, ya ci ta biyu da tawakkali, wata tsohuwa mai kwandon kayan miya ta wuce shi a ƙafa har ta ɗaga masa hannu. A kwana ta uku rundunar gwiwoyinsa ta yi tawaye. Ya sauka yana haki, wai don ya duba lafiyar sarƙa.

Can gaba kaɗan, kusa da durom ɗin shara, ya hangi wani bawan Allah lulluɓe da bargo mai ruwan ƙasa, ya duƙa yana tone-tone. Tausayi ya kama shi, ya ce ashe ko'ina akwai mabuƙata. Ɗan mutunci ba ya wuce mutum ba gaisuwa.

“Sannu da aiki, malam!”

Malam ya ɗago kai. Malam ya miƙe tsaye, ya yi ta miƙewa bai gama ba.

Alhaji ya dubi agogo, ya ga uku da kwata, ya ji a ransa an ci amanarsa. Idonsa na ɗan mahauta ya shiga aiki da kansa, yana auna cinya da ƙirji da kitsen wuya, sai ya lura dabbar ma auna shi take yi, kuma daga tumbi ta fara. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ta matso taku biyu, ta ɗaga hanci ta shinshina iskar da ta biyo ta kansa, ta yi hamma, ta koma kan shararta.

“Innalillahi! A ba da hanya!”

Da wannan kirari ya juya akalar keke. Masana sun yi saɓani a kan ko ya taɓa birki, amma sun haɗu a kan cewa tsohuwar nan iska kawai ta ji.

Da Hansatu ta dawo ta tarar da shi zaune a dokin ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya, ba hoto ba dalilinsa. Ta ji labari, ta durƙusa ta riƙe hannunsa tana hawaye. Sannan ta ɗaura masa abin awon jini, ta duba, ta girgiza kai, ta kawo kabeji.

Ya dubi kwanon.

“Inna, kin san abin da ya fi yi mini ciwo? Dabbar nan ta shinshina ni, ta zaɓi shara. Mako uku ba gishiri, ko ita ta san ba ni da ɗanɗano.”

Dariya ta ƙwace mata cikin kukan. Ta shiga kicin, ta dawo da gishiri tsakanin yatsu biyu, ta barbaɗa rabi, ta mayar da rabi.