Hoton Saukar Iya

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na sayi gilashin kyamara na biyu ba, ko da yake na sha fatan in wayi gari na manta. A lokacin na fara yin suna a Daura wajen ɗaukar hoton mata. Ba wai na fi maza iyawa ba ne. Ni dai ana barina in shiga har ƙuryar ɗakin amarya, su kuwa iyakarsu zaure. Wannan 'yar damar ce ta kumbura min kai, har na fara ganin gilashin da ya zo da kyamarata ya yi min kaɗan.

Na shiga Kano, na nufi shagon wani mai sayar da kayan hoto a Sabon Gari. Abin da nake nema shi ne gilashin da masu hoto ke kira fifti, wanda ba ya jawo abu kusa, sai dai mutum ya matsa da ƙafarsa. Mai shagon ya ajiye min guda biyu a kan kanta. Ɗaya sabo ne a kwalinsa, na roba, ba nauyi, an rubuta masa 1.8. Ɗayan na hannu ne, ƙato, mai nauyi kamar dutsen guga, an rubuta masa 1.4. (Ga wanda bai san harkar ba: iya ƙanƙantar lambar, iya buɗewar idon gilashin. Yana shan haske ko a ɗaki mai duhu, ya fito da mutum raɗau, ya narkar da duk abin da ke bayansa. Amare na son haka, musamman in bangon gidansu bai ga fenti ba.)

Bawan Allahn nan bai ɓoye min komai ba. Ya ce ƙaramin yana kama fuska da sauri kuma ba ya kuskure. Babban ya fi shi kyan hoto, amma in aka bar shi ya yi saiti da kansa, wani lokacin yakan tsallake fuska ya kama abin da ke baya, musamman in haske ya yi ƙaranci kuma an buɗe shi gaba ɗaya. Ya ce in don aikin biki ne, in ɗauki ƙaramin. Na saurare shi da kyau, na gyaɗa kai kamar mai hankali, sannan na ɗauki babban. Dalilina kuwa, in an matsa min in faɗi gaskiya, shi ne ya fi cika ido a gaban kyamara. Na hango kaina ina shiga gidan biki da shi a wuya ana matsa min hanya.

A bukukuwan farko da na yi da shi, ya nuna min halinsa. Cikin hotuna masu kyau sai in tarar da wasu fuskar amarya ta yi dishi-dishi, labulen bayanta kuwa har zarensa ana ƙirgawa. Sai in goge su shiru, in ɗora laifin a kan amaren zamani da ba sa iya tsayuwa wuri ɗaya.

Ana cikin haka Balaraba ta kira ni. Ƙawata ce tun sakandare, 'yar garin Babban Mutum ta wajen Baure, kuma auta a gidansu. Ta ce mahaifiyarta, wadda duk muke kira Iya, ta sauke Alƙur'ani a makarantar matan aure, za a yi walima. Iya ta tsufa ƙwarai, sai da ta aurar da 'ya'yanta duka sannan ta koma karatu, tana zama cikin sa'o'in jikokinta ana biya musu. Balaraba ta ce abin da ya sa ta neme ni, Iya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba in ban da na katin zaɓe, amma wannan karon ta amince saboda babban ɗanta, Yaya Lawal. Yana aiki a Fatakwal, ya daɗe rabonsa da gida, kuma wurin aikin sun hana shi hutu. Shi ya roƙe ta a waya ta bari a ɗauka ko ɗaya ne.

Na shiga motar Baure da safe, hadari na ta haɗuwa a gabas. Kafin in isa gari ya yi duhu kamar magariba, aka kwashe tabarmi daga tsakar gida aka koma ƙarƙashin rumfa. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ce a raina yau ranar gilashina ce.

Aka fito da Iya cikin farin mayafi, da lallenta ja a hannu. Ta sa an yi mata allo mai zayyana, irin wanda ta ga an yi wa yayyenta maza tana yarinya, ita ba a yi mata ba. Ta karanta farkon Baƙara da muryarta mai rawa, mata suna share hawaye. Da aka shafa addu'a, sai aka ce mai hoto ta zo.

Nan na yi abu biyu da har yau nake nadamarsu. Na farko, na ɗaga murya na ce duk mai waya ta mayar da ita jaka, hasken wayoyi na ɓata min aiki, zan tura wa kowa hoto mai kyau daga baya. Suka bi umarnina kamar wata hukuma. Na biyu, ina da wata baƙar jaka da na sa aka rubuta mata sunan sana'ata da lambar wayata da farin fenti. Na rataye ta a ƙusar ginshiƙin rumfar, ɗan bayan kafaɗar Iya. Lissafina shi ne gilashin zai narkar da ita a hoto, amma matan da ke zaune za su karanta lambar. (Gida cike da iyayen 'yan mata, ina zan bari wannan kasuwar ta wuce ni?)

Iya ta zauna a kujerarta ta rungume allon. Ba ta faɗin sunan Yaya Lawal, ɗan fari ne.

"Ke 'yar nan, yi ki gama," ta ce min. "Ba don wancan na Fatakwal ba, da ban zauna ba."

Na buɗe gilashin har ƙarshe. Na ji shi yana zuwa yana dawowa, yana neman abin kamawa, sannan ya yi 'yar ƙararsa ta cewa ya samu. Na danna, na sake dannawa, Iya ta ce ya isa, ta miƙe. Na duba a ɗan allon bayan kyamara, wanda bai fi tafin hannun jariri ba, na ga komai lafiya. Na zagaya ina nuna wa mata, ana ta masha Allah. Ban matso da hoton na duba idonta ba, abin da ba ya cin minti ɗaya.

Na dawo Daura na faɗa hidimar bukukuwa. Kwamfutata ta lalace tana wajen mai gyara. Duk sanda Balaraba ta tambaya, sai in ce ina kan gyara hoton ne, ba na son in ba su aikin gaggawa.

Ba a gama yankan gero ba Iya ta kwanta ciwo, kuma ba ta tashi ba. Yaya Lawal yana hanya aka kai ta. Bai ga fuskarta ba.

Da na je gaisuwa, Balaraba ta ja ni gefe, idonta a kumbure. Ta ce Yaya ba ya cin abinci, ba ya magana, tambaya ɗaya yake yi: ina hoton? Ta roƙe ni in wanko shi babba, a sa a firem, ya tafi da shi. Na yi mata alkawari. Na ba wani direba katin kyamarar ya kai wa mai wankin hoton da nake hulɗa da shi a Katsina, na faɗa wa mai wankin lambar hoton a waya. Can da rana ya kira ni, ina tsakiyar kamun wata amarya, ana kiɗa.

"Hajiya, hoton nan kin duba shi kuwa? Akwai inda bai fito ba."

Na ɗauka narkewar baya yake nufi. Na ce masa da gangan na yi, salon aiki ne, sabon gilashi gare ni, shi dai ya wanke. Har da 'yar dariyata ta wadda ta fi shi sani. Ya ce to.

Firem ɗin ya iso tasha a naɗe cikin kwali da salatif. Ban buɗe ba, wai kar naɗin ya ɓaci. Na wuce da shi Babban Mutum a kan cinyata.

Na tarar da su a ɗakin Iya. Yaya Lawal na zaune a bakin gadonta, ga Balaraba, ga Goggo ƙanwar marigayiya, ga wasu mata 'yan zaman makoki. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, na miƙa da hannu biyu. Ya yi bismilla ya yage kwalin a hankali. Daga inda nake bayan firem ɗin kawai nake gani, sai fuskarsa. Na ga ya matso da shi kusa, ya nisanta shi, ya sa bakin rigarsa ya goge gilashin firem ɗin, ya sake dubawa. Mata suka taso suka kewaye shi. Ba wadda ta ce masha Allah.

Na miƙe na leƙa. Iya tana nan, amma kamar ana hango ta ta cikin ruwa. Farin mayafi, duhun fuska, babu ido, babu baki, zayyanar allon ta zama jirwaye. A saman kafaɗarta kuwa ga jakata, tar da ita, har inda zip ɗin ya fara tsatsa ana gani. Sunan sana'ata da lambar wayata sun fito kamar allon talla a bakin titi.

Goggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Lambar taki dai ta fito, 'yar nan."

Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi. Na fara bayani, ina ta ambaton haske da hadari da halin gilashi, ina jin muryata tana ƙanƙancewa. Na ce akwai sauran hotunan, na kunna kyamara (katin ya dawo tare da firem ɗin), na matso da su ɗaya bayan ɗaya. Duka jakar suka kama. Yaya Lawal ya juya ya tambayi matan ko akwai wadda ta ɗauka a waya ranar. Wata ta kalle ni, ta kawar da kai.

"Ba komai, ƙanwata," ya ce. "Dama ba ta so. Allah Ya saka da alheri."

Ya mayar da firem ɗin cikin yagaggen kwalin, ya ajiye a gefensa, bai sake kallona ba. Ban san yadda na sami takalmana a ƙofa ba. A mota na rufe fuska da mayafi har Daura, wata dattijuwa a gefena tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka ni aka yi wa rasuwar.

Na kai hoton wurin duk wanda aka ce ya iya gyara a kwamfuta. Wani ya mayar da fuskar tas, amma ta wata tsohuwa ce daban, ba Iya ba. Ban ma nuna wa Balaraba ba. Zumuncinmu bai yanke ba, muna gaisawa, sai dai da aka tashi bikin 'yar yayarta wani aka kira, ya tsaya a zaure aka fito masa da amarya. A bakin Balaraba na ji cewa Yaya Lawal ya tafi da firem ɗin. Ya liƙa farar takarda a kan jakar, ya rataye shi a ƙarshen falonsa. Wai in mutum ya tsaya daga bakin ƙofa, Iya ce sak, sai an matso take ɓacewa. Don haka ba ya matsowa.

Babban gilashin yana cikin durowa, na koma na sayo ɗan ƙaramin na roba. Yanzu ba na barin kowa ya tashi daga gabana sai na matso da hoton na ga ƙwayar idonsa, amare har sun sa min suna mai nawa. Na daɗe ina zagin gilashin nan a raina, daga baya na daina. In an duba da kyau, bai yi min ƙarya ba. Mu biyu muka shiga rumfar nan, kuma abin da ya fi damuna ranar shi ya ɗauko min.