Rabin Allurar Baba Mamman

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na yi wa sa'an mahaifina faɗa a bainar jama'a. Watana huɗu ke nan da fara aikin likita a sashen cututtukan ciki na wani asibiti a birnin Sennar, inda Larabci ne harshen aiki, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro magani. A makon ma na gama haddace wasu takardun bincike kan masu ciwon sukari da ke wasa da allurarsu, ina ta neman wanda zan juye wa.

Sai ga Baba Mamman, wani manomi daga garinmu, Mai Wurno. An kawo shi a galabaice, baki ya bushe, sukari ya hau har na'urarmu ta kasa karantawa. Kwana biyu muna masa ƙarin ruwa da insulin, wato allurar sukari, kafin ya dawo hayyacinsa. Da babban likita ya zo zagayen safe, ɗalibai na biye da shi, sai ya ce mini da Larabci, "Daktora, mutuminku ne, zai fi sakin jiki da ke. Tambaye shi abin da ya faru."

Na gyara tsayuwa. (Har da ɗan tari na yi, don kowa ya juyo.)

"Baba, yaya kake yin allurarka?"

"Rabi nake yi, ɗiyata."

"Rabin me?"

"Rabin abin da aka rubuta."

Ai kuwa na samu abin da nake nema. Na ce shin shi ne likitan ko mu? Na lissafa masa makanta, na lissafa ciwon ƙoda, na kai har yanke ƙafa. Inda Hausata ta ƙare in cike da Larabci, kuma duk abin da na faɗa sai in juya in fassara wa ɗalibai, kada ilimina ya tafi a banza. Shi dai ya sunkuyar da kai yana murza bakin bargo.

'Yarsa Jummai, wadda ke jinyarsa, tana zaune kan tabarma a gefen gado. Sai da na tsaya shan iska ta yi magana, a hankali.

"Daktora, Inna ma sukkari gare ta. Tun da yaƙi ya taso magani ya yanke, kwalba guda muke samu, da sunan Baba. Shi ke raba musu."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ce, "To ina Innar? Me ya hana ku kawo ta mu duba?"

"Yau kwana tara da rufe ta."

Ban san inda zan sa idona ba. Baba ya ɗago, kamar shi ne mai laifin, ya ce, "Na san yanzu duk nawa ne. Amma hannu ya saba. In na ja ya kai rabi, sai in tsaya."

Babban likita ba ya jin Hausa. Ya ce, "Me suka ce?" Da bakin nan nawa da ya gama wa'azi na fassara masa, kalma bayan kalma. Sai ya matso kusa da Baba. Ya zauna a bakin gado, ya ɗaga hannu ya yi wa mamaciyar addu'a, ɗalibai suka shafa. Na gwammace a ce zagina ya yi.

Da suka wuce gado na gaba, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Hawaye ya hana ni ƙarasawa.

"Haba, ɗiyata, tashi. Gaskiya kika faɗi. Da ita ma marigayiyar ta samu mai yi mata faɗa irin naki, da mun gode."

Bayan mako guda muka sallame shi. Ranar Juma'a na hau mota zuwa Mai Wurno, na roƙi mahaifiyata ta raka ni ta'aziyya. A hanya na ba ta labari. Ta dube ni ta ce, "Duk unguwa an san yana raba mata. Ke kaɗai ce ba ki sani ba, mai karatu."

Har yau ina da surutu, ma'aikatan jinya shaida ne. Amma in mara lafiya ya ce bai sha magani yadda aka rubuta ba, kafin in buɗe baki da faɗa, sai na fara tambayarsa su wa ya baro a gida.