Jan Babur a Ƙofar Ɗanmalam

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya zafi? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi. Amma wane ne? Kamar na taɓa jin muryar nan a wani zamani can baya."

Tsoho Ɗanmalam ya san mai muryar sarai. Shekara arba'in ya yi yana sayar da kayan gyaran babura a babbar kasuwar Garoua, kuma ko da yake yanar ido ta rage masa gani, kunnensa bai tsufa ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa Mairamu. 'Ya'yansa suna Douala da Yaoundé, sai dai waya ranar Juma'a. Abokan hirarsa wasu sun riga shi, wasu ƙafa ta hana su fita. Tun daga azahar yakan shimfiɗa tabarma a bakin zaurensa na unguwar Hausare, yana tantance baburan da ke wucewa da kunne, wannan bujinsa, wato fulogi, ya mutu, wancan ya kusa neman sabon zobe, ba kuma wanda zai gaya wa.

Yau da la'asar sai ga babur ya tsaya a ƙofarsa. Ilyasu ne, ɗan 'yarsa, wanda ke aikin malamin gona wajen manoman auduga a Tcholliré. Tun Ilyasu yana rarrafe suke takarar Mairamu, jika ya ce matarsa ce, kaka ya ce sai dai a kotu.

"Kaka, ni ne za ka ce ba ka gane ba? Ni da na fi ka kyau a duk zuriyar nan?"

"Au, ɓarawon ne! Na ɗauka masu karɓar haraji ne, har na fara shirin suma. Me kuma ka zo sata? Gidan ba sauran abin ɗauka."

"Ba sata na zo ba, nuni na zo. Tashi ka ga abin da ba ka taɓa sayar da ko kusarsa ba."

"Na ji shi tun daga kwana. Wane ne ya ba ka aron injin niƙa?"

"Injin niƙa? Kaka, ka nemi gafara. Ko gwamna ya gan shi sai ya rage gilashi ya duba."

Tsohon ya dafa bango ya miƙe. Abin da idonsa ke ba shi jan abu ne kawai mai sheƙi, saboda haka sai ya sa hannu. Ya fara daga fitila, ya bi tanki, ya sauko kujera, a hankali kamar mai taya saniya a kasuwa.

"Innalillahi! Wannan fuskar fa? Tsini kamar ta fara."

"Don ya keta iska ne. Fitilar kuma fara ce fat, ba irin jar aci-bal-bal ɗinku ba."

"Ga tanki ya kumbura kamar mai ciwon hanta. Ga gindi ya ɗaga sama kamar kunama ta ji haushi. Wa zai zauna a bayan nan? Biri?"

"Kai nake wa tanadi."

"Ɗan nema! Ina ƙafar tayarwa?"

"Ba ya buƙata. Maɓalli za ka taɓa da yatsa, ya amsa."

"Wato an yi shi don ragwaye. Mu a zamaninmu sai ka yi wa babur shuri bakwai kafin ya san kai ne maigida. Shokazoba fa? Ɗaya nake ji a tsakiya. Sun sace maka ɗayan tun a kanti."

"Haka aka ƙera shi. Ɗayan nan ya fi biyunku. Giya biyar gare shi, birkin gaba na faranti ne, in na matsa ko akuya ce ta gitta sai ta yi mini godiya. A kwaltar Ngong na ba shi wuta, ya haura ɗari da goma, ko rawa bai yi ba."

"Ɗari da goma! Ni na taɓa zuwa Mokolo a kan ɗan ƙaramin baburina mobilet, na bar Garoua bayan asuba, na sayi dankali, na dawo shayina bai huce ba."

"Kaka, ka ji tsoron Allah. Mobilet ɗin da Hajiya Mairamu ta ce in an zo tudu kai ke goya ta?"

Sunan ya faɗo tsakaninsu ba shiri. Ɗanmalam ya yi kamar bai ji ba, ya sunkuya yana lalube a gefen injin.

"Ina kabireto?"

"Babu. Wata 'yar na'ura ce ke auna masa mai, ɗigo-ɗigo, kamar mai ba jariri magani. Shi ya sa ba ya sha. Lita goma sha biyu tankin ke ɗauka. Na cika shi a Tcholliré da safe, na yi tafiyar nan duka, har yanzu bai sauka rabi ba."

"Ƙarya kake! Ko ruwan rijiya yake sha ai ya fi haka."

"Ga allo nan, yana nunawa."

"Allo ya san ubangidansa. Matsa."

Tsohon ya kama hannun babur, ya girgiza shi hagu da dama, ya kara kunne a jikin tanki. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa daga sama zuwa ƙasa. Man ya amsa masa da nauyi, ya kai lita bakwai, ko da ɗan ɗori. A ransa ya ce, tabɗi, duniya ta ci gaba. A fili kuwa sai ya taɓe baki.

"Ka ƙara a hanya."

"Wallahi ban ƙara ba."

"To ka tura shi daga Guidjiba. Shi ya sa nake jin warin gumi."

"Turaren Dubai ne, hancinka ne ya yi ritaya."

"Ka dai kiyaye shi da zua-zua, man kwalaben bakin titi. Irin wannan mai ƙyanƙyami, datti kaɗan ya shiga masa sai ya kwanta maka a daji, ka zauna kai da birai kuna kallon juna."

"A gidan mai nake sha masa."

"Madalla."

Hannunsa ya gangara kan tayar baya. Ya bi zanen da babban yatsa, ya sake bi. Sai ya daina murmushi.

"Yaushe ka ce ka saye shi?"

"Ban ce ba tukuna. Kwanan nan ne."

"Tayar nan ta ci wata huɗu a kan hanya, in ba ta fi ba. Babur ba ya shan mai, ga gudu kamar aljani, tanki ɗaya ya kawo ka ya mayar. To me ya hana ka zuwa tun sadakar arba'in?"

Ilyasu ya buɗe baki zai kawo zancen aiki, da awon auduga, da hanya. Ya dubi fuskar tsohon, sai ya fasa. Ya zauna a bakin dakali yana juya makulli a hannu.

"Na zo, Kaka. Sau biyu. Na iso kwanar can wajen mai ƙosai, sai na tuna in na yi sallama ba wadda za ta ce daga ciki, ga angona ya iso. Sai na juya."

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Wa nake da shi da zai gaya mini? Ranar wata Asabar, da wata Laraba bayan ƙaramar salla. Injin nan ya tsaya a kwana yana numfashi, ya daɗe, sannan ya juya. Duk layin nan ba mai irinsa. Na ce ko wane ne wannan, akwai abin da yake tsoro a unguwar nan. Ban san matsoracin nawa ba ne sai yau."

Wata mata ta wuce da tiren mangwaro a ka, ta gaishe su da Fillanci, suka amsa. Ɗanmalam ba ya son yaron ya ga fuskarsa. Sai ya buga tanki da tafin hannu.

"Kai, tashi! Ni ba na yanke wa babur hukunci a tsaye. Kawo hular kwanon nan."

"Hawa za ka yi? A wurin birin?"

"Birin ya yarda. Ka dai riƙe hannu da kyau, in ka kayar da ni sai na gaje ka."

Da ƙyar aka ɗora shi. Ya tattare babbar riga, ya rungume jikansa ta baya, gwiwoyinsa sun kusa kai masa kunne. Rabonsa da wuce bakin layin tun ranar da aka ɗauki Mairamu. Iska ta bugi fuskarsa, ya ji ƙamshin soyayyen kifi, da hayaniyar 'yan acaba, da wani rediyo a shagon tela. Garin yana nan yadda ya bar shi, bai jira kowa ba.

"Sa ta uku! Kana jan sa kamar mai rakiyar amarya."

"Tsoho nake ɗauke da shi, kaya mai fashewa."

"Yi dama. Ina son in ji shokazoban nan naka a kan gargada."

"Ka ji? Kamar katifa."

"Katifar gidan yari. Miƙe. In ka wuce masu walda ka yi hagu, akwai yashi, mu ga ko zai yi rawa."

Bai yi rawa ba. Ilyasu ya bi umarni yana dariya, dama, hagu, miƙe, har sai da gidaje suka fara ja baya, ya hango doguwar katanga da itatuwan dalbejiya. Nan dariyar ta tsaya. Ya rage wuta da kansa.

"Kaka, nan ai maƙabarta ce."

"Gwada birkin naka a bakin ƙofa."

Ya tsaya cak, ba ko ƙara. Tsohon ya sauko, ya cire hular kwano, ya gyara tasa.

"Sau ɗaya na zo, ranar da aka kawo ta. Ido ba ya kai ni, kuma ban iya roƙon mutane ba. Kai ka shiga ramin ka karɓe ta, ka san wurin. Riƙe hannuna."

Suka shiga da sallama. Ilyasu ya kai shi gindin wata bishiya, suka tsuguna. Sun daɗe suna addu'a, kowa da tasa. Ɗanmalam ya shafa ƙasar da tafin hannu, ya tsince busassun ganye ɗaya bayan ɗaya. Ya ji kafaɗar jikansa tana rawa a jikin tasa, shi ma gemunsa ya jiƙe. Da suka shafa, sai ya ce a hankali, "To, mu biyun dai ta bari. Ba wanda ya ci shari'ar."

"Ni ta fi so," in ji Ilyasu, yana share ido da hannun riga.

"Tausayinka take ji. Tashi mu je, magariba ta kusa."

A hanyar dawowa tsohon ya karkata kai gefe guda yana saurare. Suna isa ƙofar gida, tun kafin a sauke shi, ya ce, "Sarƙarka ta saki."

"Haba Kaka! Satin jiya aka duba ta."

"Wanda ya duba ta makaho ne, ya fi ni. Duk sanda ka sake wuta tana dukan murfi, kas, kas. Ta kuma bushe. Sa yatsa ka ɗaga ta."

Ilyasu ya tsuguna ya ɗaga. Sarƙar ta yi sama kamar igiyar shanya, ga jar ƙasar hanya ta kame a jikinta. Ya dubi sarƙa, ya dubi tsoho.

"Allo bai gaya maka ba?" in ji Ɗanmalam.

"Bai gaya mini ba."

"Da ta tsinke maka a dajin Mayo-Rey fa? Shiga ɗakin zaure, ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe. Ɗauko sifana mai lamba goma sha bakwai da gwangwanin giris. Ni zan faɗa, kai ka ɗaure. Kuma duk sati biyu sai an sake dubawa."

"A Tcholliré akwai makanikai."

"Su suka kai ka ga wannan. Nan za ka riƙa kawo shi."

"Yanzu dai faɗi gaskiya, babur ya yi ko bai yi ba?"

Tsohon ya sake shafa tankin.

"Babur ya yi. Ban taɓa hawa irinsa ba. Direban ne dai na gwanjo."

Ilyasu ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. "Na sallama, Kaka. Ka ci." Ya kamo hannun tsohon, ya danƙa masa makullin a tafi. "Riƙe. Ba zan tafi ba sai ka ba ni da kanka."

Ɗanmalam ya jefa makullin can ƙasan aljihu, ya dafe bakin aljihun da hannu.

"Sai Litinin ke nan," ya ce. "Shigo da shi zaure, kada akuyoyin unguwa su ga ja su ɗauka tumatir ne."