Hular Mijin Inna Hajara a Hanyar Badar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka fita ziyara Badar ba, a shekarar da aka tura ni Madina cikin malamai masu faɗakar da alhazan jiharmu. Aikina wa'azi ne da amsa tambayoyi, amma bakina bai tsaya nan ba. Kafin mako ya zagayo, duk masaukinmu an san cewa ni ɗan manomi ne da ya tashi yana gadin masara, kuma biri bai taɓa ganina ya tsaya ba (gaskiya ce, sai dai shekara talatin ke nan da yin ta).

Cikin alhazanmu akwai wata tsohuwa, Inna Hajara. Duk inda za ta, tana rungume da wata farar leda. Ciki akwai ɗan dabino da tsohuwar hular mijinta. Ya rayu yana burin ganin Madina, Allah ya karɓi abinsa wata biyar kafin tashinsu. Ita ce ta ce ko hularsa ce sai ta zo.

Direbanmu Abu Yasir ne, Bahaushen unguwar Ƙurban ta Madina, haihuwar can. Da muka shiga tsakanin duwatsu sai muka ga birai birjik a bakin titi, irin gwaggon birin nan masu jan gindi. Alhazai suka nace a tsaya su ɗauki hoto.

"Ɗayyib, minti biyar bas," in ji Abu Yasir da Hausarsa mai gauraye da Larabci. "Amma ya jama'a, kowa ya bar leda a sayyara."

Inna ba ta bar tata a mota ba, ni kuma da ya kamata in sa baki ina can ina ba wasu labarin gonar babana. Ba mu ankara ba wani ƙaton namiji ya nufo ta, idonsa a kan ledar. Ta ja baya tana salati. Nan fa na ga ranar nuna gwaninta ta zo.

"Kawo ledar, Inna, ki koma bayana. Yanzu za ki ga aiki."

A garinmu, in kana son biri ya watse, sunkuyawa kawai za ka yi kamar mai ɗaukar dutse, ka ɗaga hannu. Haka na yi, har da gyara tsayuwa. Na ji Abu Yasir yana cewa, "La, ya shaikh, kar ka ɗaga hannu," amma na riga na ɗaga.

Abin da ban sani ba shi ne, biran hanyar nan ba su san jifa ba. Tun suna goye, duk hannun da ya ɗaga burodi ko ayaba yake wurgo musu. Sai kawai na ga biran dutsen gaba ɗaya suna gangarowa wajena.

To, ga inda kunyar take. Na wurga musu ledar, na tattare jallabiya, na faɗa mota, na ja ƙofa na rufe (e, na rufe, Inna tana waje). Ta tagar na hango ƙaton ya haye wani dutse, ya yage ledar, ya cinye dabinon, sannan ya zaro hular yana jujjuya ta yana shinshinawa. Inna ta tsaya ita kaɗai, hannu biyu a ƙirji, ba ta ko motsi. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

Abu Yasir ya nufo motar. Ya ɗauko burodin karin kumallonsa, ya zaga can gefe yana gutsurawa yana watsawa. Birin ya dubi hula, ya dubi burodi, ya saki hular. Aka ɗauko ta da ƙura da ɗan yagewa a baki.

Na sauko na durƙusa gabanta. Ta kaɗe hular a hankali, sai na ga tana murmushi ga hawaye.

"Tashi, ɗana. Shekara arba'in maigidana Malam yana korar birai daga gonarsa. Da yana nan, da ya fi kowa yi maka dariya."

Washegari bayan azahar na same ta tana jirana a ƙofar masauki. Ta ɗinke yagewar da baƙin zare. Na ɗauka za ta wuce ne, sai ta miƙo mini hular.

"Mu mata ba ma wucewa ta inda kuke wucewa ku yi wa Manzon Allah sallama. Ka shiga da ita, ka yi wa Malam addu'a a can." Ta danna mini ita a hannu. "Amma ka riƙe da hannu biyu."

Ni malami ne, na san hula ba ta ziyara. Amma na karɓa. Na bi layin maza ina rungume da ita a ƙirji, ina kuka kamar ni na rasa Malam.

Tun daga ranar, in na sauka a garin da ba nawa ba, direba nake fara saurare kafin in tuna da jarumtakata. In kuma aka ba ni amana, ba na cewa za a ga aiki. Hannu biyu nake sawa.