Jar Fitilar Ɗakin Kaka Aisa

"Kalewa," Kaka Aisa ta amsa gaisuwa da yarensu, "lafiya lau muka kwana, sai dai ganinka da ya ɓata min shayi. Ka sake dawowa da gawar taka?"

"Ba gawa ba ce, amarya, kayan aiki ne. Matsa min da ƙafafun nan naki masu kama da muciya."

Mikail ke nan, jikan Kaka Aisa ta Mafoni, wanda ya yi karatun haɗa sauti har ake kiransa injiniya, ko da yake shi ya fara kiran kansa. Gobe Juma'a zai tafi bautar ƙasa can kudu, kuma ya rantse ba zai bar Maiduguri ba sai ya ɗauki waƙar renon da tsohuwar ta yi wa 'ya'ya da jikoki, don duk zuri'ar babu wanda ya riƙe ta. Ya sayo makirufo mai tsada, irin wanda ba ya jin ko tari sai akwatin ɗaukar murya ya tura masa wata 'yar wuta da ake kira fantom. Maɓallinta ƙarami ne, an rubuta masa 48V, in ka taɓa shi sai jar fitila ta kama. Kwana huɗu ke nan yana kunna ta, da zarar ya juya ya zauna gaban kwamfutarsa a bakin ƙofa, sai ya waiwayo ya tarar ta mutu.

"Yau kuma wa za ka ɗora wa laifi?" in ji Kaka. "Ran Litinin ka ce waya ce."

"Ai waya ce. Na ɗauko mai tsinke ɗaya da ake kira jak, ita kuwa wutar ba ta bin kowace waya sai mai haƙori uku."

"Ashe ta fi ni haƙori. Ka sayo mai ukun, ta yi?"

"Ba ta yi ba."

"Talata ka ce kwamfutarka ce ba ta ba akwatin abinci ya ƙoshi. Ka sauya rami, ka sauya igiya. Laraba ka zagi batirin solata, ka ce ya tsufa kamar mai shi."

"Na faɗi ƙarya ne?"

"Batirina yana kai ni asuba. Kai karatun shekara huɗu bai kai ka ga kunna fitila ɗaya ba. Da na sani, da akuya muka saya da kuɗin makarantar, aƙalla ita in an taɓa ta tana kuka."

"Ke dai ki gode Allah ina zaune da ke. 'Yan mata nawa ne a Jiddari Polo suke layi?"

"Layin me, na karɓar sadaka? Tafi ka aure su, ni ma Madu mai nama kullum sai ya ƙara min tsoka."

"Tsokar da za ki ci da wane haƙori?"

Ya durƙusa ya aza akwatin a kan kujera 'yar tsuguno kusa da gwiwarta, inda yake aza shi kullum saboda wayar makirufon gajera ce. Ya jona komai a nitse, yana wani murmushin da bai saba yi ba.

"Jiya da yamma na kai shi Gamboru wajen Manasse mai gyara," ya ce.

"Allah sarki Manasse. Ya yi masa sutura?"

"Ya kunna shi awa guda cur, fitila ba ta ko ƙifta ba. Ya gwada waya, ya gwada makirufo, ya ce kayana lafiyarsu ta fi tawa."

"To wannan ai ba yabo ba ne."

"Sai ya kai akwatin hanci. Ya ce, Mikail, ni dai tun da nake gyara ban taɓa ganin maɓalli mai ƙamshin humra ba. Duk jikin akwatin warin roba yake, wannan maɓalli ɗaya kuwa kamar ɗakin amarya."

Kaka Aisa ta gyara lafayarta, ta ɗauki mafici ta hau fifita, alhali fanka tana kaɗawa a kanta.

"Humra ai gari ya cika da ita."

"Wannan haɗin naki ne, Kaka. Ko a cikin makabarta na ji shi zan gane. Miƙo yatsan nan."

"Ba zan miƙa ba. Wane irin miji ne wannan mai shinshinar yatsun mutane?"

"Ana zaton wuta a maƙera, ashe tana masaƙa! Kwana huɗu ina yawo a keke, rana ta gasa ni, na zagi waya, na zagi kwamfuta, na kusa zagin wanda ya ƙera akwatin, ashe ɓarauniyar tana zaune tana shan shayi."

"Kai ka ce kai injiniya ne. Ni da ko bokon rana ɗaya ban yi ba, tun ran farko na gane in jar fitila ta kama muryata tana rawa a allonka, in ta mutu sai shiru. Wa ya kamata a ba takardar shaidar, ni ko kai?"

"Rana dubu ta ɓarawo."

"Huɗu kawai na ci, saura ɗari tara da wani abu. Ka biyo ni bashi."

Dariya ta so ta ƙwace masa, amma ya danne, don abin ya ba shi haushi da gaske. Saura kwana ɗaya, kuma bai da ko kalma ɗaya ta waƙar.

"To don me, Kaka? In ba kya so ai sai ki ce ba kya so."

Ta ajiye maficin.

"Yaushe rabonka da ɗakin nan kafin ka sayo wannan abin?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu, ta riga shi.

"Tun ƙaramar salla," ta ce. "Ka tsaya a bakin ƙofa da takalminka, ka ce wushe Kaka, ka wuce. Da akwatinka yana aiki, ran Litinin za ka kwashe waƙar cikin minti goma ka sa a aljihu, shi ke nan an gama da tsohuwa, ko ta mutu an riga an cire abin amfani. Sai ga shi na samu miji kwana huɗu. Ka ci abincina, ka yi gumi a tabarmata, har gyangyaɗi ka yi ran Talata. Yatsa ɗaya ya yi min abin da aike goma bai yi ba."

Kunya ta rufe Mikail. Ya tsura wa wayar da ke hannunsa ido kamar yau ya fara ganinta.

"Kin ci ni, amarya," ya ce daga baya. "Na sallama."

"Dama yaushe ka taɓa cin nasara? Koma wajen allonka."

Ta miƙa yatsan nan mai humra ta taɓa maɓallin da kanta, jar fitila ta kama.

"Ki ɗan jira wutar ta zauna tukuna," ya ce.

"Na sani, sai na ƙirga goma. Kana tsammani barci nake yi kana surutu?"

Ta ƙirga, ta gyara murya, ta fara. Muryar ta tsufa, tana ɗan rawa, amma Mikail ya ji ta a kunnensa sak yadda yake jin ta yana goye a bayanta. Bai motsa ba har ta kai ƙarshen baitin farko. Sai ya ji shiru. Ya waiwayo, fitila ta mutu, yatsa kuwa yana kan maɓallin, ko ɓoyewa ba ta yi ba.

"Kaka! Ai baiti bakwai ne."

"Ɗaya na ba ka guzuri. Shidan suna nan, ka dawo ka karɓa."

"Shekara guda fa zan yi."

"Na sani." Ta kwance bakin lafayarta ta ciro 'yar kwalbar humra, ta cusa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai tana dariya. "Kai ka yi ƙoƙari ka dawo, angon banza. Ni ma zan yi ƙoƙari ka same ni."